Ido Biyu Lafiya, Rabin Duniya Ya Ɓace: Lacca kan Mantuwar Ɓarin Hagu

 

Ranka ya daɗe Hakimi, iyayenmu dagatai da masu unguwanni, Allah ya ƙara girma. Allah gafarta malamai. 'Yan'uwana ma'aikatan lafiya na nan Ɗambatta da waɗanda suka taso daga Makoɗa da Kunchi da Bichi, sannunku da hanya. Iyayenmu mata da ke can ƙarƙashin rumfa, ku na fi so ku ba ni kunne, domin in ciwo ya kwantar da mutum a gida ku ne kuke kwana a kansa, kuma yawancin abin da zan faɗa yau kun riga kowa ganinsa.

Ba na jin akwai wanda ke zaune a nan da bai san gidan da shanyewar ɓarin jiki ta shiga ba. Mun san kamanninta: baki ya karkace, hannu ya saki, ƙafa ana janta, wani sa'in magana ta ɗauke. Abin da ya kawo ni yau wata larura ce da take biyo bayanta a ɓoye, wadda likitocin ƙwaƙwalwa suka shafe shekara fiye da 80 suna bin diddiginta. Zan riƙa ce mata mantuwar ɓari.

Ga yadda take. Dattijo ne ciwon ya kama ta hagu, an sallamo shi daga asibiti, yana zaune a tabarma an jingina shi da bango. Maganarsa ras, ya gane kowa, har yana tambaya ko an kai taki gona. Aka ajiye masa kwanon tuwo. Ya sa hannu ya cinye ɓangaren dama tas har gefen kwano, ya tsaya cak a tsakiya, ya ce a ƙaro masa, bai ƙoshi ba. Rabin tuwon na nan da miyarsa, ko taɓa shi bai yi ba. Uwargida ta juya kwanon, ragowar ta dawo dama, sai ya ce, “Yauwa, Allah ya yi albarka,” ya ci gaba da ci, a ganinsa ƙari aka kawo. In ya zo alwala, ya wanke hannun dama, ya shafi kuncin dama, ya wanke ƙafar dama, ya ce ya idar. In zai sa riga, ya zura hannu ɗaya ya bar ɗaya hannun rigar yana reto. Mace kuwa sai ka ga ta sa kwalli a ido guda. In mai waina ce ta samu sauƙi ta koma bakin tanda, sai ta cika gurabun dama da ƙullu, na hagu suna ta ƙuna babu komai a ciki.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne na masu dubiya. Mutum ya shigo ya zauna ta hagunsa ya yi gaisuwa, sai dattijon ya waiga dama yana neman mai magana, ko ya amsa wa wanda ke zaune a can. A gidan da ake da mata biyu, wannan kaɗai ya isa ya shuka ɓacin ran da zai daɗe. Wadda ta saba zama ta hagu sai ta ga tun da ciwon nan ya zo Malam bai ƙara ɗaga ido ya dube ta ba, in ta yi magana sai ya ba abokiyar zamanta amsa. Ta shiga ɗaki ta yi kuka, ta ce an raba ta da mijinta. Wallahi ba haka ba ne, Hajiya. Wurin da kike zama ne ya fita daga duniyarsa. Zagayo ta dama ki gani, zai kira sunanki.

Wasu su ce ido ne, a kai shi birni a auna, a ce idonsa lafiya. Wasu su ce rikicin tsufa ne. Wasu su ce taurin kai ne, tunda an nuna masa an sake nuna masa. In kuwa ta kai ga ya ɗaga hannunsa na hagu ya ce, “Hannun wane ne wannan aka ajiye mini a shimfiɗa?”, to an gama magana, kowa zai ce iska ce ko jifa. Wani ma a tambaye shi ya jiki, ya ce lafiyarsa ƙalau, gobe zai je noma, alhali ko tsayuwa ba ya iyawa. Ba ƙarya yake yi ba, ba kuma jarumta ba ce. Tun 1914 wani likitan Faransa, Joseph Babinski, ya ba da labarin marasa lafiyar da ɓarinsu na hagu ya shanye amma ba su san ya shanye ba. Raunin da ya kashe hannun shi ne ya taɓa wurin da zai sanar da mai hannun.

Akwai dalilin da ya sa larurar take wuce mu. Ƙwaƙwalwa ɓari biyu ce, kuma aikinsu a gicciye yake: ɓarin hagu shi ke tafiyar da damar jiki, ɓarin dama shi ke tafiyar da hagun jiki. A wurin mafi yawan mutane, magana a ɓarin hagu take. Saboda haka wanda ciwo ya sama a hagun ƙwaƙwalwa sai ya rasa hannun cin abinci da magana lokaci guda, gida ya ruɗe, a tafi neman mota. Wanda ya sama a damar ƙwaƙwalwa kuwa, bakinsa na magana, hannun damansa na aiki, sai a ce, “Alhamdu lillahi, abin ya zo da sauƙi, hagu ce.” Alhali a nan ne mantuwar ɓari ta fi yawa, ta fi tsanani, ta fi daɗewa. Wajen 1980 likitoci biyu a Amurka, Kenneth Heilman da Marsel Mesulam, suka ba da bayanin da har yau ake riƙe da shi: damar ƙwaƙwalwa tana lura da ɓangarorin duniya biyu, hagunta kuwa yawanci dama kawai take lura da ita. In hagu ta samu rauni, dama ta rufa mata asiri. In dama ce ta samu, babu mai tsaron ɓangaren hagu. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna masu wannan larura sun fi daɗewa a asibiti, sun fi yawan faɗuwa, sun fi shan wuya kafin su koma yi wa kansu hidima. Yaya za ka koya wa mutum taka ƙafar da bai san da zamanta ba?

Kada mu haɗa ta da makanta. Akwai wanda ciwo yake ɗauke wa rabin gani, amma shi ya san wani abu ya ɓace, sai ya riƙa juya kai yana nema. Mai mantuwar ɓari ba ya nema, domin a wurinsa babu abin da ya ɓace. Kuma abin bai tsaya a ido ba, ya shafi ji da taɓawa, har da tunani. A 1978 a birnin Milan na Italiya, Edoardo Bisiach da Claudio Luzzatti suka zaunar da marasa lafiya biyu da suka san birnin ciki da waje, suka ce su ɗauka a ransu suna tsaye a babban dandalin garin suna fuskantar babbar majami'a, su faɗi gine-ginen da ke wurin. Sai suka lissafa na dama, suka bar na hagu. Aka ce to ku ɗauka yanzu kuna bakin ƙofar majami'ar kuna kallon dandalin. Sai ga su suna lissafa waɗanda suka bari ɗazu, waɗanda suka faɗa ɗazu kuma sun ɓace. Ashe duk dandalin na nan a ajiye a kansu, rabi kawai suke iya buɗewa a lokaci guda, kuma wane rabi ne ya danganta da inda suka sa gaba.

Yanzu sai mu zo ga hoton ƙwaƙwalwa, wanda shi ne asalin maganata.

A da, likita ba ya sanin inda rauni yake sai mai shi ya rasu an buɗe kai, ko kuma in harsashi ya bar hanyarsa a bayyane. Haka aka yi ta tara labarai ɗaya-ɗaya: Russell Brain a Landan a 1941, sannan Paterson da Zangwill a 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1971 aka fara ɗaukar hoton cikin kan mutum mai rai da na'urar siti-sikan da Godfrey Hounsfield ya ƙera a Ingila. Bayanta aka samu hoton maganaɗisu, wanda a asibiti ake ce wa MRI, shi kuma ya fi fito da abu dalla-dalla. Daga nan hanya ta buɗe: a tara masu mantuwar ɓari da yawa, a ɗauki hoton kowa, a ɗora hotunan bisa juna, a ga wurin da raunukansu suka haɗu. Giuseppe Vallar da Daniela Perani suka yi haka a Milan a 1986. Ina roƙon kowa ya ɗora tafin hannunsa sama da kunnen dama, ya ɗan ja shi baya kaɗan. To nan ne, ƙarƙashin tafin hannunku, suka ce larurar take zaune, kuma shekara 15 kusan kowa ya yarda.

A 2001 sai Hans-Otto Karnath da abokan aikinsa a Tübingen ta Jamus suka ce a'a, an yi sama da yawa, wurin yana ƙasa da nan, kusa da saman kunne. A 2003 ƙungiyar Masud Husain a Landan ta fito da hotunan maganaɗisu masu kyau ta ce maganar farko ita ce daidai. Aka yi ta musu a rubuce. Ni a ganina musun yana da amfani, amma tambayar ce ta yi ƙunci. Jijiyar jini guda ce babba take shayar da duk wannan yanki, in ta toshe ba ta zaɓen wuri ɗaya ta bar maƙwabcinsa. Kuma ita kanta larurar ba iri ɗaya ba ce. Argye Hillis a Baltimore ta Amurka ta ɗauki hoton yadda jini yake gudana a kan marasa lafiya cikin kwana biyun farko, ta nuna a 2005 cewa wanda yake mance hagun ɗaki gaba ɗaya daban, wanda yake mance hagun kowane abu, ko da abin a damansa yake, shi ma daban, kuma wurin da jini ya yi ƙaranci a kansu ba ɗaya ba ne.

A wannan shekarar ta 2005 aka samu bincike biyu da suka sauya yadda ake kallon abin. Na farko a Faris aka yi shi, Michel Thiebaut de Schotten da Paolo Bartolomeo da likitan tiyata Hugues Duffau. Mutum biyu ne ake cire musu ƙari a damar ƙwaƙwalwa suna farke, domin ita ƙwaƙwalwa ba ta jin zafin yanka, kuma barin mutum a farke yana taimaka wa likita kada ya yanke wuri mai amfani. Aka ba su takarda mai layi aka ce su nuna tsakiyarsa, likita kuma yana taɓa wurare da ɗan lantarki mai sa wurin ya dakata na daƙiƙoƙi. In ya taɓa wasu wurare a saman ƙwaƙwalwa, alamar ta ɗan goce dama. Da ya taɓa wasu fararen zaruruwa da ke can ƙasa, waɗanda suke kai saƙo tsakanin bayan kai da goshi, sai ta goce sosai. Ya ɗauke lantarkin, ta dawo tsakiya. Wato yanke hanyar sadarwa tsakanin sassa ya fi ɓarna a kan lalacewar sashe guda. Shi ya sa za ka ga rauni ɗan ƙarami a hoto amma larurar babba, domin a kan hanya ya faɗa.

Na biyu a St. Louis ta Amurka aka yi shi, ƙarƙashin Maurizio Corbetta, kuma shi ne na fi so ku tafi da shi gida. Sun yi amfani da wani nau'in hoton maganaɗisu da ke nuna inda ƙwaƙwalwa take aiki a daidai lokacin, ta hanyar bin yadda jini yake kai wa wurin iska, dabarar da Seiji Ogawa ya gano a 1990. Suka ɗauki marasa lafiya kamar wata guda bayan ciwon, suka sake ɗaukarsu bayan kamar wata tara. A hoton farko sai suka ga wani sashe can saman damar ƙwaƙwalwa, wanda raunin bai taɓa ba ko kaɗan, ya yi lakwas ba ya aiki yadda ya kamata, takwaransa na hagu kuwa aikinsa ya wuce kima. A hoto na biyu, da larurar ta yi sauƙi, sai ga na daman ya farfaɗo, sassan biyu sun koma kusan daidai.

Duk wanda ya taɓa riƙe garmar shanu zai gane wannan. Shanu biyu a karkiya guda, in ƙarfinsu ya zo ɗaya, kunya ta tafi sak. Ran da na dama ya gaza, na hagu bai rage komai ba, sai ya wuce gaba, garma ta riƙa karkata dama, kuma lafiyar na hagun ce take ƙara karkatar da ita. Marcel Kinsbourne ya yi hasashen irin wannan ja-in-ja tsakanin ɓarin ƙwaƙwalwa biyu tun shekarun 1970, hoto ya zo daga baya ya nuna shi. Abin da wannan yake nufi ga mai jinya shi ne, ba duk abin da ya daina aiki ne ya mutu ba. Wani sashen a raye yake, rinjayarsa aka yi, kuma yana iya dawowa. Mafi yawan sauƙin a wata ukun farko ake samunsa. Wasu kuma larurar takan zauna musu shekaru, ba zan ɓoye muku ba.

Saura abu guda da hoto ya tabbatar. A 1988 John Marshall da Peter Halligan a Ingila suka nuna wa wata mata zanen gidaje biyu iri ɗaya, sai dai ɗaya wuta tana ci ta hagunsa. Ta ce ba ta ga bambanci ba. Aka ce a wanne za ki fi son zama, ta ga tambayar ba ta da kan gado tunda duk ɗaya ne, amma mafi yawan lokuta sai ta nuna wanda ba ya cin wuta. A 2000 Geraint Rees da abokansa a Landan suka sa wani mara lafiya a na'ura suna nuna masa hotuna hagu da dama a tare. Ya ce na dama kawai ya gani, amma sashen gani na damar ƙwaƙwalwarsa ya amsa wa hoton hagun. Saƙo yana shiga, yana isa ciki, sanin mai shi ne bai kai gare shi ba. Don haka wadda take zaune ta hagunsa tana masa magana, tana riƙe masa hannu, ba aikin banza take yi ba.

To mu dawo gida. Babban binciken da aka yi kan shanyewar ɓarin jiki a yankinmu shi ne SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan yake cikin jagororinsa, aka gudanar a asibitocin Najeriya da Gana, har da Kano da Zariya. Sakamakon da suka fitar a 2018 ya ƙunshi marasa lafiya 2,118, kowanne an yi masa hoton kai. Kashi 68 cikin 100 toshewar jijiya ce, kashi 32 fashewar jijiya ce jini ya zuba a ƙwaƙwalwa, wanda ya fi abin da ake gani a Turai nesa ba kusa ba. Matsakaicin shekarunsu 59, wato magidanta masu ƙarfin riƙe gandu. Hawan jini ne uban tafiyar, ya yi wa sauran dalilai fintinkau. Sun kuma ga masu cin ganye a kai a kai ba su kai sauran kamuwa ba, mu kuwa zogale da rama da alayyahu ba baƙinmu ba ne. Ban da wannan, akwai raunin kai na haɗarin babur da faɗowa daga bishiya, shi ma in ya sami damar ƙwaƙwalwa yana iya kawo larurar.

Ƙasarmu ba ta da saura. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya shafe shekaru yana nazarin yadda manoman kewayen Kano suke noma fili ɗaya kowace damina ba hutu, da taki da yawan hannu. A irin wannan noma, magidanci ɗaya in ya kwanta, gida duka ya ji a rumbu. Kuma na san na'urorin hoton nan a birni suke, a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da cibiyoyi masu zaman kansu, na san kafin a biya sai an sayar da akuya ko an taɓa hatsin ci. Saboda haka bari in faɗi ra'ayina a fili. Hoton farko, wanda ake yi ranar da ciwon ya faɗo, ya cancanci kuɗinsa, domin shi kaɗai yake bambanta toshewa da zubar jini, kuma maganinsu kishiyar juna ne. Asfirin da yake taimakon mai toshewa yana iya ƙara wa mai zubar jini ɓarna, don haka kada a saya a kemis a ɗura masa kafin likita ya gani. Allurar narkar da gudan jini kuwa, inda ake da ita, cikin awa huɗu da rabi na farko ake yinta. Baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a nemi mota nan take. Addu'a a yi ta a hanya. Amma bayan makonni, in ba likita ne ya ga dalili ba, sake hoto don mantuwar ɓari ba zai ƙara muku komai ba. Hoto ba magani ba ne. Gara kuɗin su tafi ga maganin hawan jini da kuɗin motar zuwa wurin likitan fisiyo.

Ita larurar ba a na'ura ake gano ta ba, a bakin shimfiɗa ake gano ta. A 1973 Martin Albert ya fito da gwajin takarda mai gajerun layuka a warwatse, a ce mutum ya soke kowanne. Akwai na zana agogo, inda mai larurar yake cusa lambobi 12 duka a dama ko ya bar rabin fuskar agogon fayau. Dattawanmu da yawa ba su saba da biro ba, in ka miƙa musu sai kunya ta hana su, ka ɗauka ciwo ne. To a Suwidin a 1996 an fito da gwajin da ba ya buƙatar rubutu, a ba mutum tire da 'yan katakai 16 a ce ya jera su ko'ina daidai, sai ka ga ya tara su a dama. Mu ma muna da kayanmu. A miƙe igiya kamu biyu a gabansa, tsakiyarta daidai da ƙirjinsa, a ce ya kama tsakiya; in ya kama can wajen dama, a lura. A watsa gyaɗa a faifai a ce ya tsince duka. A ce ya rufe ido, a taɓa bayan hannun hagu shi kaɗai, in ya ji, sai a taɓa biyun a tare. Da yawa za su ce dama kawai aka taɓa. Waɗannan alamu ne na a kai shi a duba, ba hukunci ba.

Allah gafarta malamai, ga naku. Mai karatun boko farkon layi yake rasawa, domin daga hagu ake farawa. Mai karatun allo ƙarshen layi yake rasawa. In kuwa mahaddaci ne, sai hadda ta cike masa gurbin, a ji karatu na tafiya daidai, a ce ai ya warke. A gwada shi da rubutun da bai taɓa gani ba. Batun alwalar da ake yi rabi kuma ku ne masu fatawa, abin da zan iya shaida muku shi ne ba sakaci ba ne, ba ganganci ba ne, yana buƙatar wanda zai tsaya kusa ya ce, “Baba, saura hagu.”

Jinyar kanta haƙuri ce da maimaici. A kwanakin farko a ajiye ruwa da abinci inda zai same su, a riƙa juya masa kwano, a duba kuncin hagu bayan ya gama kada loma ta maƙale ta shaƙe shi. Da ya fara ƙarfi, sai a riƙa jan hankalinsa hagu da gangan: mai hira ya fara daga gabansa ya riƙa matsawa hagu a hankali, rediyo ta koma can, a ɗaura jan ƙyalle a gefen hagu na tabarma ko na allo a ce kada ya fara komai sai ya nemo shi. A sa ya kama hannun hagu da na dama ya shafa shi, ya wanke shi, in yatsu suna ɗan motsi a sa su aiki, domin motsa hannun hagu a ɓangaren hagu yana taimakawa wajen tayar da hankali zuwa can. Tsawa ba ta da amfani, ƙara masa ruɗewa take yi. A Lyon ta Faransa a 1998 Yves Rossetti ya gwada wani tabarau mai kautar da gani digiri 10 zuwa dama, mara lafiya ya yi 'yan mintoci yana nuna abu da yatsa, da aka cire sai hannunsa da hankalinsa suka ɗan koma hagu. Manyan gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su zo da sakamako iri ɗaya ba, kuma har yau babu wata hanya guda da aka tabbatar tana warkar da kowa. Duk wanda ya ce muku yana da maganin sha-yanzu-magani-yanzu na wannan larura, ku riƙe kuɗinku.

Hannun da aka manta da shi shi ne yake shan wahala. Da hunturu ya faɗa kan kaskon wuta mai shi bai sani ba. A gasa shi da ruwan zafi ya saɓule. A ɗaga mutum ta wannan hannun kafaɗa ta goce. A goya shi a babur ƙafar hagu tana jan ƙasa ko ta shiga taya. Sannan kwalta. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, ma'ana in ka tsaya a bakin titin Kano zuwa Daura za ka tsallaka, motar da za ta fara iso ka ta hagunka take zuwa. Mai mantuwar ɓari, ko ƙafarsa ta warke sarai yana zuwa masallaci da kansa, kada ya tsallaka titi shi kaɗai, kada ya hau keke, kada ya tuƙa babur ko ya kora amalanke, sai likita ya gwada shi ya sallame shi. Na san wannan magana tana da nauyi a faɗa wa magidanci. Ranka ya daɗe, in ta fito daga bakin mai unguwa ko liman, ta fi karɓuwa a kan ta fito daga bakin ɗansa.

Kun ji garuruwan da na yi ta ambata: Milan, Landan, Faris, Baltimore, duk a ƙetare suke. Mu kuwa ciwonmu yana zuwa da ƙarancin shekaru, zubar jini ta fi yawa a cikinsa, kuma da yawanmu daga dama muka fara koyon karatu. Ɗalibanmu na likitanci da na fisiyo a Jami'ar Bayero suna da aikin yi a nan, amma ba za su iya ba sai an samu rubutu daga ƙauye. Don haka roƙona ga ma'aikatan lafiya na matakin farko, duk mai shanyewar ɓarin jiki da ya zo hannunku, ku rubuta wane ɓari ne, ku auna jininsa, ku yi masa gwajin igiya da na taɓa hannu biyu, ku sa sakamakon a takardar da zai tafi da ita birni. Na zo da igiya da faifai da gyaɗa. Bayan sallar la'asar ku ɗan tsaya, kowa ya gwada da hannunsa kafin ya kama hanya. Iyaye mata masu jinya a gida, ku ma ku zo.